Dokar Ailan da Ƙwallon Dabino Ɗaya

Yanzu mantuwa ta yi mini yawa. Sai in tayar da gida neman carbi, a ƙarshe a gano shi a wuyana. Amma akwai wata la'asar a Misfala, unguwarmu a Makka, wadda ba zan manta da ita ba ko da sunana zai ɓace mini. Ita ce la'asar da na tara dattawa goma sha biyu zan mulke su da dokar kamfani ta ƙasar Ailan, ƙasar da har yau ban san ko gabas take da Makka ko yamma ba.

Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin Turawa ba, alhazai sun fara dawowa da yawa bayan shekarun da hanya ta yi wuya. Misfala kuwa ba irin ta yau ba ce da ake ta rushe-rushe don faɗaɗa Harami. Lunguna ne matsattsu, jaki da mutum sai ɗaya ya ba ɗaya hanya, kowane gida ka wuce sai ka ji ana Hausa ana cakuɗa ta da Larabci, ga hayaƙin tsire da yamma. In ka yi atishawa a wannan bakin lungu, daga wancan bakin za a yi maka addu'a. Wallahi ina kewar wurin, duk da zafinsa da ƙudajensa.

Sana'armu hema ce, wato tanti. Mu goma sha uku ne, duk Takari, muna da hemomi muna ba muɗawwifai haya, wato masu jagorancin alhazai. In Hajji ya ƙarato mu kwashe su mu kai Mina da Arfa mu kafa, in an watse mu warware mu dawo da su wani fili da muke ajiya a hanyar Kudai. Sauran watannin shekara kuma faci ne da ɗinki da shanya da kashe gara. Larabawa suna ce mana sharika, wato kamfani, amma ba mu da ko takarda ɗaya. Dokarmu Kawu Mamman ce. In magana ta taso a shimfiɗa tabarma, a dafa shayi, ƙarami ya fara faɗin nasa har a kai kan babba, Kawu ya yi magana a ƙarshe, a shafa Fatiha, halas, magana ta ƙare.

Kawu Mamman ba ɗan'uwan uwata ba ne na jini. Abokin tafiyar mahaifina ne, tare suka baro Kano a ƙasa. Mahaifina ya rasu a Sudan kafin a kai bakin teku, ina ɗan shekara huɗu, Kawu ne ya ɗora ni a wuyansa har Makka. Shi ya kai ni makarantar allo, shi ya cire ni da ya ga kaina ba ya ja, shi ya sa mini basilla a hannu, shi ya yi mini aure. (Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san girman abin da na yi niyya, kada ya tausaya mini fiye da kima.)

Abin da ya haɗa ni da shi mota ce. Masu hema na Larabawa sun fara ɗaukar hayar lori, su yi sawu uku zuwa Mina kafin raƙumanmu su gama tuƙa. Wurare masu kyau kusa da hanya duk sai su riga mu. Na kawo maganar sau uku a kan tabarma, sau uku Kawu yana cewa, "Baƙauyen da ke ba mu raƙuma shekara ashirin muna tare, ban ga da wane baki zan sallame shi ba." A shafa Fatiha. Ni kuwa in tashi ina huci, in je in sauke haushin a kan duk wanda na tarar ya naɗe igiya ba daidai ba. A lokacin ina da ƙarfi, ina da murya, ba ni da haƙuri ko na sisin kwabo.

Ana nan sai Allah ya haɗa ni da Ustaz Bashiru. Bahaushen Sudan ne, siriri, da tabarau ɗaure da zare, yana rubuta wa mutane wasiƙa a ƙofar wani shago. Ya yi shekaru yana aiki ƙarƙashin wani Bature lauya, mutumin Ailan, a can bakin tekun Sudan, daga masinja har ya kai akawu. Da Baturen zai koma gida sai ya bar masa wani ƙaton littafi na dokokin kamfani na ƙasarsu. Ustaz ya ɗauko shi har Makka, yana tare ƙofa da shi in iska ta taso. Ranar da na yi masa ƙorafin Kawu, sai ya buga littafin, ƙura ta tashi, ya ce, "Ya akhi, a ƙasar masu wannan littafi shugaba ba ya dawwama. Lokacinsa in ya cika sauka yake, a sake zaɓe."

Ai sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a tsakar azahar.

Wata uku na yi ina zuwa wurinsa kowace hantsi, ni da ko izu biyar ban haɗa ba. Ladansa shayi da tsire. Shi ya karanta da Turanci, ya juya mini da Hausa, ni kuma in rubuta da ajamina mai kama da sawun kaza. Darasin farko ma da kyar muka ƙetare shi.

"Ka fara riƙe wannan," in ji Ustaz. "A doka, kamfani mutum ne."

"Mutum kamar yaya?"

"Mutum mai zaman kansa, daban da masu shi. Yana saye, yana sayarwa, ana kai shi ƙara. Masu shi su mutu, shi yana nan."

"A'uzu billahi! Ustaz, wanda ba ya mutuwa ai ɗaya ne."

"Ana iya rushe shi, ya sheikh, kwantar da hankalinka."

"To yana salla?"

Ya cire tabarau ya dube ni ya ce in ina son fatawa ga Harami can, shi doka yake koyarwa.

A hankali dai na kama. Na san ba a kiran babban taro sai an ba kowa sanarwa a rubuce kwana bakwai kafin ranar. Na san akwai adadin mutanen da in ba su hallara ba taro bai zauna ba. Na san dole a jera abin da za a tattauna tun da wuri, dole a sami magatakarda ya rubuta duk abin da aka yanke, kuma shugaba amana yake riƙe wa masu kamfani, ba ubansu ba ne. Wannan ta ƙarshe ta fi yi mini daɗi, har maimaita ta nake a hanya. Kan ka ce kwabo na zama abin gudu. In mutum ya tambaye ni ina almakashi, sai in ce masa a Ailan ba haka ake tambaya ba. Matata ta taɓa ce mini, "Malam, su mutanen Ailan ɗin nan suna barin tuwo ya huce ne kafin su ci, ko kai kaɗai ne?"

Da muka zo babin zaɓe, Ustaz ya ce ɗaga hannu ake yi, in wasu ba su gamsu ba su nemi a ƙirga ƙuri'a. Na ce ɗaga hannu ba zai yiwu ba. Wane ne a cikinmu zai iya ɗaga hannu a kan Kawu Mamman, Kawu na kallonsa? Kunya ce ta ɗaure mutanen nan, na ce, in aka ba su wurin da ba mai ganinsu za ka ga abin da ke cikinsu.

"Wannan na ɓoye ba ya cikin littafin," in ji Ustaz.

"To ni na ƙara."

"Tayyib. Amma ka tabbata kana son ganin abin da ke cikin nasu?"

Na ce masa shi dai nasa ƙirga.

Daga nan na shiga bin mutane ɗaya bayan ɗaya. In sami mutum yana faci, in tsuguna, in yi masa bayanin mota da na doka, in tambaye shi ko yana tare da ni. Wani ya ce, "Ai kai namu ne." Wani ya ce, "Wa muke da shi in ba kai ba?" Wani ya riƙe hannuna biyu ya ce Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Har Haruna Bazazzagi, wanda tun muna yara ba ya barina in sha ruwa saboda ni Bakano ne, ya ce, "Ai ranar za ka sha mamaki." Duk na lissafa su a nawa. Mutum tara cif. Saura Kawu, da tsofaffi biyu sa'o'insa waɗanda ban ma tunkara ba, da ni.

Shi Kawu da kaina na kai masa takardar sanarwa. (Mutanen da nake haɗuwa da su sau biyar a rana a sahu ɗaya, na bi su gida-gida da takarda, rabinsu ba sa karatu. Haruna da tasa ya hura wutar shayi a gabana.) Kawu ya karɓa, ya jujjuya ta, ya ce in karanta masa. Na karanta, har wurin da aka ce za a zaɓi shugaba. Ya ce, "Madalla. Karatu ya yi amfani. Za a yi shayi dai ko?"

Ranar taro, bayan la'asar, a filin ajiyarmu. Na aro tebur da kujera biyu. Na sa farar riga da na ɗinka don Idi. Na ɗauko gudumar da muke kafa turaku da ita na ajiye a kan tebur, don Ustaz ya ce masu jagorancin taro a can suna buga wani abu in suna son a yi shiru. Na nuna wa Kawu kujera, ya ce gwiwarsa ba ta san ta ba, ya zauna a tabarma. Sauran duk suka bi shi. Sai ya zama ni kaɗai ne a sama kamar limamin Juma'a, Ustaz na gefena da littafinsa.

Na buga guduma, ƙafar teburin mutane ta karkace. Na ce taro ya buɗe, ba mai magana sai ya nemi izini. Wani tsoho da ya makara ya shigo da sallama, aka amsa masa, aka shiga gaisuwa da tambayar iyali, na sake buga guduma. Haruna ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ina neman izini."

"An ba ka."

"Zan yi tari ne."

Ya yi tarinsa, ya gode mini.

Na daure na yi bayanin yadda za a yi. Na riga na kafa ƙaramar hema a gefe, a ciki na ajiye tulu biyu: na dama da farin ƙyalle a wuya na Kawu ne, na hagu da koren ƙyalle nawa. Na zuba yashi a gindinsu don kada a ji ƙarar faɗuwar abu a gane inda mutum ya jefa. (Dubi wannan basira. Da ita na yi amfani wajen karatun allo da yanzu ina da almajirai.) Aka zagaya da faranti, kowa ya ɗauki dabino ɗaya ya ci ya riƙe ƙwallon. Shi ne ƙuri'arsa. Na maimaita dama da hagu sau uku, na sa kowa ya faɗa da bakinsa, don kada wani ya ce ya ruɗe.

Suka dinga shiga ɗaya-ɗaya. Kowa ya fito sai ya sakar mini murmushi. Kawu ya shiga da sandarsa, bai daɗe ba ya fito yana goge hannu.

Ni ne na ƙarshe. Na tsaya tsakanin tulunan nan biyu, sai wata dabara ta zo mini. Na ce tara sun ishe ni. Bari in jefa wa Kawu nawa, gobe in wani ya ce na ci amanar wanda ya raine ni, in fuskanci Ka'aba in rantse ban zaɓi kaina ba. Kada wani ya ɗauka ladabi ne. Riya ce tsagwaronta. Na jefa a dama, na fito ina jin kaina kamar wani waliyyi.

Ustaz ya shimfiɗa ƙyalle, na ce ya fara da tulun babba. Ya juye, ya tankaɗe yashin da yatsa, ya fara ƙirga da ƙarfi.

"Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu."

Na gyara zaman hula, na fara haɗa kalaman da zan lallashi Kawu da su.

"Biyar."

Na ce a raina, to, mutum ɗaya ya zame, ba komai.

"Shida. Bakwai."

Daga nan ban ƙara jin lambobin sosai ba, kamar daga cikin rijiya suke fitowa. Na dai ga yatsan Ustaz yana ta tura ƙwallaye gefe, ba ya tsayawa. Da ya ce goma sha biyu, gumi ya riga ya manne mini rigar Idi a baya.

Ya ɗauko tuluna. Ya juye. Yashi ya zubo, sai ƙwallo guda ya gangaro ya tsaya a tsakiyar ƙyallen. Bawan Allah ya girgiza tulun, ya leƙa, har hannu ya zura zuwa gwiwar hannu, don tausayi, alhali ya fi kowa sanin goma sha uku ne gaba ɗaya.

"Ustaz, ƙara bubbugawa," in ji Haruna. "Wataƙila sauran sun maƙale."

Ba wanda ya yi dariya tukuna. Ana ta kallon ƙwallon nan. Sai Haruna ya nisa ya ce, "Alhamdu lillahi. Ko ba komai, Bakano bai ci amanar kansa ba."

Wurin ya fashe. Tsoho ɗaya shayi ya sarƙe shi har sai da aka bubbuga masa baya. Ni kuwa maimakon in yi shiru, sai na miƙe na ce, "Wallahi tallahi ba ni na jefa ba! Kawu na zaɓa!" Gaskiya ce tsantsa, kuma ban taɓa faɗin gaskiyar da ta yi kama da ƙarya irin wannan ba. Dariya ta ƙaru. Na ɗauki guduma na buga don a yi shiru, ƙafar teburin ta ƙarasa karyewa, littafin Ailan ya faɗo ƙasa.

Kuma ban tsira ba. Ustaz ya tuna mini, a hankali, cewa ni na kafa sharaɗin a rubuta sakamako a karanta wa taro kafin a tashi, kuma ni kaɗai ne mai rubutu a cikin masu sharikar. Na tsuguna, na ɗora takarda a cinya, na rubuta, na miƙe na karanta da bakina: Kawu Mamman goma sha biyu, ni ɗaya. Kawu ya ɗaga hannu ya ce a yi Fatiha. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba.

Kwana huɗu ban fita ba, na ce zazzaɓi nake. Aka dinga zuwa dubiya. Na farko ya zauna, ya yi mini sannu, da zai tafi ya rage murya ya ce, "Wannan guda ɗayan, tsakanina da kai, nawa ne." Na yi masa godiya. Bayan azahar wani ya zo, shi ma nasa ne. Kafin kwana huɗun su cika mutum shida sun mallaki ƙwallon dabino ɗaya. Kowanne na gode masa, na raka shi ƙofa. Cikin waɗanda suka zo, Haruna kaɗai ne bai yi da'awa ba. Ya ce, "Ni dai ban zaɓe ka ba. Maganar mota kana da gaskiya, amma kai in ka hau, sai mun rubuto takarda kwana bakwai kafin mu zaga bayan gida."

A rana ta biyar da hantsi Kawu ya zo. Bai shigo ba. Ya zauna a dakalin ƙofa da wani yagaggen gefen hema a cinya, ya aika a ce in fito in riƙe masa. Na fito kaina a ƙasa. Na riƙe, yana ɗinki, har ya kai rabi.

"An ce mutum shida suka zaɓe ka," ya ce.

"Haka suka ce, Kawu."

"Allah ya yi musu albarka, suna da kirki." Ya ja zare ya cije shi. "Ni dai da na shiga na ga tulu biyu, aka ce ɗaya nawa ne. To da wane ido mutum zai jefa wa kansa? Ban iya ba. Sai na ba ka."

Na rasa inda zan sa fuskata. Dariyar mutum goma sha ɗaya ba ta yi mini abin da wannan maganar ta yi mini ba. Na fara kame-kamen neman gafara, ya katse ni.

"Riƙe da kyau, kana sakin gefen. Gobe ka je ka nemo wani mai lori ku yi magana. Baƙauyen kuma zai ci gaba da ɗaukar na Arfa, ba zan kore shi ba. Da ka zo ka same ni mu biyu, ba a gaban mutane kana ɗaga murya ba, da tun bara an gama."

A shekarar da mota muka kai hemomi Mina, muka sami wuri mai kyau. Kawu ya ƙara shekara shida yana shugabanci kafin Allah ya karɓi abinsa, muka kai shi maƙabartar Mu'alla. Da aka zauna naɗa wani, a tabarma aka zauna, ƙarami ya fara har aka kai kan babba, aka ba Haruna. Ni ma na ce ya dace, kuma da gaske nake. Har yau ni ne magatakarda, don wannan muƙamin ba mai ƙwace mini shi.

Dokar mutanen Ailan ba ta da laifi, ta yi aikinta daidai, ni ne ma na yi mata ƙari. Abin da ban sani ba shi ne, kunyar da nake ta zagi na ce ita ke riƙe da Kawu a kan mulki, ashe ni take rufa wa asiri shekara da shekaru. Shi ya sa yanzu in na ga mutum ya dage sai an faɗa masa gaskiyar abin da ake gani game da shi, nakan ba shi shawara ya fara zama a ƙasa tukuna, kuma kada ya sa rigar Idi.